Ranar da Na Mai da Akuya Ragon Dutse

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abin da ke kaina, da ranar da na tsaya a saman wani dutse cikin Abzin, sanye da bes da karabat, wato kwat da ɗaurin wuya irin na Turawa, na ɗebi kashin akuya a tafin hannuna na raɗa masa suna da harshen Latin.

Bari in fara daga farko. Ni malamin lise ne, wato babbar sakandare, a Agadas, ilimin halittu nake koyarwa, shekara ashirin da ɗoriya ke nan ana kira na Mushe, yadda bakinmu ya mai da Monsieur na Faransanci. Mahaifina shayi da sukari yake saidawa a kasuwa, kuma a gidanmu dabba ba ta taɓa wuce kwana uku ba, ita ma ta Layya. Saboda haka duk abin da na sani game da akuya a littafi na san shi, in ka cire wata guda da ta taɓa shigowa tsakar gidana ta cinye takardun jarrabawar aji guda (ƴan ajin sun girma sun yi aure, har yau suna yi mata addu'a).

Kowace shekara akwai darasin da na fi so, na kiwo fiye da kima, wanda littafi ke kira surpâturage. Sai in zana kore shar ɗin dutse a hagun allo, in zana hamada a dama, in sa akuya a tsakiya da kibiya. Akuyata ta fi kama da tabur mai gemu, amma saƙon yana isa: ga mai laifi nan. Na yi wa wannan dabbar shari'a sau ashirin, ban taɓa barin ta ta kira shaida ba.

Wata rana Ilyas ya same ni a ƙofar gida. Tare muka yi lakwal, makarantar boko, da shi tun muna sa gajeren wando, yanzu ma'aikacin gandun daji ne, yana yawo cikin duwatsu har ya iya Tamashek kamar a ciki aka haife shi. Ya ce mini wani furoje, irin shirin nan na masu ba da tallafi, ya zo da niyyar kare ire-iren tsirran saman duwatsu, suna neman mai ilimi ya yi musu gwaji. Ya ƙara da cewa, “Na rasa mai ilimin, shi ne na ba da sunanka.”

Wurin wani shimfiɗaɗɗen fili ne a saman dutse, tafiyar sa'a biyu a ƙafa daga wani ƙauye da ke gaba da Tabelot. Tsarin nawa mai sauƙi ne. Za a kewaye wani yanki da giriyaj, wato ragar ƙarfe, a hana dabba shiga har damina uku, sannan a ƙirga ire-iren tsirran ciki da na waje. In na ciki suka fi yawa, furoje zai kewaye filin gaba ɗaya, shekara biyar babu kiwo. Da yake wani ƙaton fa, falalen dutse, ya tokare tsakiyar wurin da na zaɓa, sai kewayen ya zama biyu, na sa musu suna Fili A da Fili B, don malami ba ya iya ganin abu biyu bai ba su harafi ba.

Ilyas ya ce, “Ka san filin nan shi ne wurin kiwon matan ƙauyen da ɗari? In aka rufe shi shekara biyar, ko su saida rabin awakinsu, ko su kama hanyar kwana uku neman ciyawa.”

Na ce masa kimiyya ba ta duba fuskar kowa. (Na ji daɗin jimlar har na rubuta ta a kaye, littafin rubutuna.)

Ranar da ake kafa turaku ne na fara ganin Inna Takna. Tsohuwa ce siririya, baƙin mayafi a kai, da doguwar sanda mai ƙugiya da suke kaɗo wa awaki ƴaƴan itace da ita. Hausarta ta kasuwa ce, gajera, ba ta da ƙarin kitse. Ta daɗe tana kallon masu aiki, sannan ta juyo gare ni.

“Mushe, gidan wa ake ginawa?”

“Ba gida ba ne, Inna. Ciyawa za mu tsare.”

“Mi ta yi?”

“Ba ita ce mai laifi ba. Akuya ce.”

“To kun kama wanda bai yi ba.” Ta taɓa ragar da sandarta. “In ba a ci ta ba, wa zai shuka ta?”

Na yi dariya irin ta wanda ya karanta littattafai. Ita kuwa ba ta yi fushi ba, ta zauna a kan dutse ta yi mini bayani. Ta ce tun kakanninsu, daga ruwan farko babu dabbar da ke hawa filin nan. Sai ciyawa ta yi kai, kan ya bushe, dattawa su hau su murza shi a tafin hannu. In iri ya zube, sai a faɗa a masallaci cewa an buɗe dutse, awaki su hau. Kafin su ci har saiwa kuma a sauko da su. Ina sauraro ina gyaɗa kai, hannuna yana rubutu. Kayen yana nan har yau, ga abin da na rubuta: “Al'ada ce kawai, babu hujja.” Na ja layi biyu a ƙarƙashi, da jan bik.

Na sa wa kowace ƙofa kwaɗo, na zura makullan a aljihu, na koma Agadas.

Bayan damina ta farko na hau na duba. Ciyawa ta kai gwiwa a A da B duka. Na sa Ilyas ya ɗauke ni hoto a cikin A, hannu a ƙugu, kamar ni na yi ruwan saman. Damina ta biyu ban je ba, na ce ruwan kwari ya cinye hanya. Ta uku ma ban je ba, na ce gyaran takardu ya yi yawa. Gaskiyar maganar ita ce gwiwoyina ba su manta da hawan farko ba. Ilyas ya aiko mini da saƙo a salula: “B ya yi kyau ƙwarai. A kuwa, gara ka zo ka gani da idonka.” Na karanta rabin farko sau huɗu, rabin na biyu sau ɗaya, da sauri.

Aka sa ranar da shugabar furojen, wadda kowa ke kira Madam, za ta zo daga Yamai ta ga sakamako ta yanke shawara. Wani taro ya riƙe ta, aka ɗaga ranar da mako uku. Ban ga wani abu a cikin ɗagin ba, sai ma na ƙara wa jawabina shafi biyu.

Ana gobe za ta zo, ni da Ilyas muka hau da la'asar. Ta cikin raga na leƙa B, sai da na cire tabarau na goge na mayar. Ga gadagi ya shimfiɗu, ga filasko, ga gasaya, ga burburwa da komayya, ga nobe yana ƙamshi, ga yaɗiya ta kama raga tana hawa, ga ƴan ƙananan ƙandili da magariya sun tsiro ko'ina, kowanne bai fi yatsa biyu ba. Na ƙirga iri goma sha tara ban ma shiga ba. A waje, inda awaki ke yawo, na samu goma sha uku. Na ce, “Ilyas, ka ga abin da nake faɗa shekara ashirin?”

Ya ce, “Na gani. Zo mu zaga bayan fa.”

Fili A kamar an shimfiɗa tsohuwar katifa ne an manta da ita. Busasshiyar ciyawar shekara uku ta kwanta kan juna, ta yi toka-toka, wata doguwar ciyawa guda ɗaya ta huda ta ta mamaye ko'ina. Na ƙirga. Na sake ƙirgawa, har da wani abu da nake zaton ma ya mutu. Huɗu.

“Yaya za ka ce da Madam?” in ji Ilyas.

A nan ya kamata in zauna in yi tunani, don abin da nake koya wa yara ke nan: in sakamako biyu suka saɓa, a tambayi dalili. Ni kuwa sai na ce ƙasar A ce ba ta da kyau, kuma ai hanya ta fi kusa da B, baƙi za su gaji. (Tsakaninsu taki arba'in ne. Na auna daga baya, don azabtar da kaina.) Ilyas ya kalle ni, ya gyara asawakin da ke bakinsa.

Washegari da hantsi muka kama hawa. Madam mace ce mai fara'a da sauƙin kai, ta sa takalmin tafiya da hular rana. Ni na sa bes, karabat, da takalmi sau-ciki da aka goge shi har ana ganin fuska, saboda a ganina ranar tarihi ce. Tare da mu akwai mai gari da dattawa biyar ko shida, fuskokinsu cikin rawani. Tun a gindin dutse mai gari ya matso kusa da ni.

“Mushe, akwai magana. Jiya bayan Azahar an faɗa a masallaci...”

Na ce, “Ranka ya daɗe, bayan jawabi, in Allah ya so.”

Ya ce to, da irin to ɗin da ake ce wa wanda ya ƙi a nuna masa rami.

Da muka isa ƙofar B, kwaɗo ya yi tsatsa ya ƙi buɗewa. Na murɗa, na hura masa iska, na roƙe shi, sai da Ilyas ya buga masa dutse. Ban bar wannan ma ya wuce banza ba. Na ɗaga kwaɗon sama na ce, “Mesdames et messieurs, ga shaida ta farko. Damina uku babu wanda ya bi ta ƙofar nan.” Wannan kam gaskiya ne, kuma ita ce gaskiya ta ƙarshe da na faɗa a ranar har zuwa Azahar.

Muka shiga. Na tsaya a tsakiya na buɗe takardu. Ina yi da Faransanci ina juyawa Hausa, Ilyas yana mayar wa dattawa da Tamashek. Na lura in na yi magana ta minti biyar, shi kalma uku yake faɗa, kafaɗun dattawan su ɗan girgiza. Na ɗauka zurfin maganar ne ya taɓa su. Na bi tsirrai ɗaya bayan ɗaya da sunansu na Latin. Na ce wannan aljannar da suke gani, sirrinta guda ne: kofaton akuya bai taka ta ba. Na ce haƙorin akuya shi ne ƙofar hamada. Na ce in aka ba ni shekara biyar da isasshen giriyaj, zan mayar musu da dutsen nan yadda Allah ya halicce shi kafin a ƙirƙiri kiwo.

Ina tsakiyar shafi na huɗu Madam ta durƙusa. Wani ɗan ƙandili take kallo, mai ganye huɗu, ta sa yatsa ta ɗan share ciyawar da ke gindinsa.

“Mushe, waɗannan fa? Sun cika wurin.”

Na sunkuya. Ƴan dunƙule-dunƙule ne, baƙaƙe da suka koɗe, kamar ƙwallayen carbi da ya tsinke. A gindin ɗan ƙandilin akwai su, a gindin na kusa da shi akwai su, a ƙarƙashin takalmina mai ƙyalli akwai su. Jiya ina ta kallon ganye da kaye, ban kalli ƙasa ba.

Kada mai karatu ya yi mini uzuri ya ce ban gane su ba. Duk wanda ya taɓa share ƙofar gida a Agadas ya san su. Na gane su tun kafin bayana ya gama lanƙwasa. Hanya biyu ce a gabana: in ce ban san yadda aka yi ba, ko kuwa in yi abin da na yi. Na ɗebo guda shida a tafin hannu, na ɗaga su wajen haske, na gyara tabarau, na ce da murya mai nauyi:

“Ammotragus lervia.”



Na ce, “Ragon dutse, Madam. Wannan naman dajin da tsofaffi ke cewa ya ƙaurace wa yankin nan, sai can cikin tsaunuka masu nisa. Shi kaɗai ke iya tsallake raga mai wannan tsayi. Ya ji wuri ya yi lafiya, ya dawo gida.”

“C'est formidable!” in ji Madam, idonta har da ƙwalla. Ta buɗe jaka ta fito da farin ambulop, ta ce in zuba mata, za ta kai Yamai a nuna wa manya. Ta miƙo mini bik ta ce in rubuta sunan a bayansa in sa hannu, tunda ni na gano. Na rubuta. Rubutuna yana da kyau, kowa ya shaida, kuma ban taɓa yin mai kyau kamar na ranar ba.

Ilyas ya fassara wa dattawa. Wannan karon ya ɗauki lokaci, bai tsallake ko harafi ba. Mai gari ya ja rawani har ya rufe idonsa, wani dattijo ya juya mana baya yana tari.

Sai muka ji kuka daga bakin dutse.

Abin da mai gari ya so gaya mini ke nan. Mako ukun da aka ƙara sun isa iri ya zube, dattawa sun murza sun gani, an faɗa a masallaci. Ranar jawabina ita ce ranar buɗe dutse. Awakin ƙauyen kaf suka ɓullo ta bakin hanya, farare da baƙaƙe da jajaye, mata na biye da su, suka watsu cikin fili. Na ce a raina babu komai, raga tana nan.

Amma wani garke bai watsu ba. Wata farar akuya mai karyayyen ƙaho ce a gaba, tana tafiya kamar wadda aka aika. Ba ta ko kalli ƙofar da kwaɗona ba. Ta zaga bayan kewayen, inda raga ta haɗu da fa, ta sa kai a ƙasa ta ɗaga, ta shigo. Sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya, wajen talatin, babu turereniya (na yi shekaru ina neman ƴan ajina su shiga aji haka, ban samu ba). Farar ta ratso tsakanin dattawa, ta tsaya gab da ni, ta kalle ni da idon nan nasu mai kwantaccen layi, ta ɗaga wutsiya, ta zuba sababbi a gaban takalmina.

Madam ta kalli na ƙasa. Ta kalli ambulop. Ta sake kallon na ƙasa.

Ilyas ya ce, “Mushe, ragon dutsenka ya kawo ƙarin hujja.”

Dattijon mai tari ya faɗi wata magana, Ilyas ya juya mini ita da ladabi: “Ya ce a gaya maka irin wannan ragon dutsen har nono ake tatsa.”

Na so ƙasa ta buɗe, amma saman dutse ne, babu inda za ta buɗe. Zufa ta bi karabat ta gangara. Takardun jawabi suna hannuna, saura shafi uku, ciki har da wanda na sa wa take “Kammalawa da Shawarwari”.

Inna Takna ta iso a hankali da sandarta, ita ta bi ta ƙofa. Ta gai da mai gari, ta gai da dattawa ɗaya ɗaya, ta gai da Madam, ta tambayi mutanen Yamai da gajiyar hanya. Ni ta bar ni ƙarshe.

“Mushe, ka zo ganin ɗaurarrunka?”

Ta karɓi ambulop ɗin daga hannun Madam, ta zazzago ɗaya ta duba. “Na Tamallat ne,” ta ce, tana nuna farar da haɓa. “Na bazarar da ta wuce.” Ta murƙushe shi da farce, ta miƙa tafin hannunta. A tsakiyar garin akwai ƙwaya guda, ruwan ƙasa, mai sheƙi. Ta ce irin ƙandili ne. In ya faɗi gindin uwarsa, tauri gare shi kamar tsakuwa, yana nan kwance har ƙwaro ya huda shi. In akuya ta ci shi a kwari ta hau da shi nan, yakan fito ya yi laushi, da guzurinsa a jikinsa, ruwan farko ya tashe shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san wannan. Yana cikin littafin da nake koyarwa da shi, babin yadda dabbobi ke yaɗa iri. Na koyar da shi sau ashirin. Sai dai shi a zango na biyu yake, akuyar allo kuma a zango na uku, ban taɓa barin su sun haɗu ba.

Madam ta ce, “Inna, ke kika buɗe?”

“Ni ce. Shekara ta farko da ɗari na leƙa, na ga busasshiya ta kwanta kamar tabarma, ƙananan ba su ganin rana. Na kwance ragar ta baya na sa su kwana goma, suka ci, suka tattaka, na fitar da su na ɗaure. Da bazara kwana uku. Bara ma haka. Da damina kuwa ko ƙafa ɗaya.” Ta nuna bayan fa da sandarta. “Ɗayan ban taɓa ba. Na bar wa Mushe, kada in ɓata masa karatu duka.”

“Ɗayan?” in ji Madam. “Akwai wani?”

Taki arba'in ɗin nan, ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Madam ta tsaya bakin Fili A ta ƙirga da kanta. Ta samu huɗu, har da wanda nake zaton ya mutu (mace ce mai adalci). Ta juyo ta dube ni, ba da fushi ba, da irin kallon da nake yi wa ɗalibin da na kama da takarda cikin hannun riga. Na cire tabarau na ce na gan shi tun jiya, na ɓoye. Na ce ragon dutse kuma babu shi, ni na haife shi ɗazu da bakina. Na faɗa da Faransanci, na faɗa da Hausa, na ce wa Ilyas ya fassara. Ya ce, “Wannan ba ya buƙata.”

Muna saukowa ina can baya, takalmin sau-ciki ya fara cin dugadugaina, na ji Inna Takna ta ce a tsaya. Kusa da rijiyar ƙauye ne. Fili ne fetal, ƙasa ta zama gari, babu komai sai tsidau da tumfafiya, itatuwa an cinye su har inda wuyan raƙumi ke kaiwa. Ta buga sandarta a ƙasa.

“Nan kam Mushe ya yi gaskiya. Tun da aka gina rijiyar siminti kowa ya zauna, babu mai tashi, damina da rani baki yana ƙasa. Akuya ba ta san wata ba, mai ita ne ya sani. Mu ne muka bari.”

Ga zanen allona nan, ɓangaren dama, ba a rage komai ba. Ashe ban yi wa akuya ƙarya gaba ɗaya ba, rabin labarin na riƙe na yi shekara ashirin ina ba da maki a kansa. Ban sani ba ko tausayina tsohuwar ta ji, ko kuwa dama rijiyar ce ke damun ta tana jiran wanda zai kawo raga kyauta. Ina zaton duka biyun.

A inuwar wata aduwa aka yanke shawara, ana shan shayi. Ba za a rufe filin sama ba. Za a tuge giriyaj ɗina a sauko da shi gefen rijiya, a riƙa hutar da yanki ɗaya ana kiwon ɗaya, dattawa ne za su ce ga ranar rufewa ga ranar buɗewa, kamar yadda suke yi a sama. Matan da ke zaune gefe suka yi guɗa. Inna Takna ba ta yi ba, tana can tana ƙirga awakinta da ido. Madam ta ce ni zan rubuta rapor, wato rahoto, tunda rubutuna yana da kyau. Da za ta shiga motarsu kat-kat ta miƙo mini ambulop ɗin.

“Ka riƙe, Mushe. Sa hannunka ne a kai.”

Labari ya riga ni isa Agadas, motocin albasa na Tabelot sun fi kat-kat ɗin furoje sauri in suna ɗauke da irin wannan kaya. Maiɗakina ta tare ni a ƙofa da ruwan sanyi, fuskarta babu alamar komai, ta ce, “Sannu da hanya, Malam. Ka baro ragunan lafiya?” A lise kuwa, kafin mako ya ƙare na zama Mushe Ragon Dutse, kuma da sunan zan yi ritaya. Har na saba. Wani lokaci in an kira ni da sunana na yanka sai na waiwaya in ga da wa ake.

Har yanzu ina yin darasin, har yanzu akuyata tabur ce mai gemu. Amma yanzu ina rubuta watannin shekara a samanta, in ɗiga ƴan ɗige-ɗige a bayanta, in zana ɗan tsiro a kan kowane ɗigo. In wani ya tambayi mene ne ɗigon, sai in jawo aljihun tabur in fito da ambulop, in ba su labarin da kaina kafin ƴan aji na sama su ba su shi da ƙari. Ba su taɓa manta wannan babin a jarrabawa ba. Gefen rijiya ma, in ji Ilyas, gadagi ya fara dawowa. Kowace shekara kuma, in an buɗe dutse, wani direban albasa yakan tsaya ƙofar gidana da cuku a naɗe cikin ƙyalle, ya ce wata tsohuwa ta ce a ba Mushe, wai daga ragon dutse ne. Ina ci da shayi, yana da daɗi ƙwarai.

Abin da na koya ba shi da yawa. In na kulle wuri na sa makulli a aljihu, yanzu nakan zaga baya in duba, kuma in tsohuwa ta yi mini tambayar da ta ba ni dariya, nakan ajiye jan bik sai ta gama magana. Latin kuwa har gobe ina son sa, sai dai na gane iyakarsa: duk sunan da ka raɗa wa abin da ke tafin hannunka, mai shi tana nan tafe a bayanka, kuma ta san hanya.